Gimba da Jan Kafet ɗin Amarya

A layin Hausawa na bayan Kasuwar Artisan, nan Inugu, in ka ji an ce "a bar mini wannan", ba sai ka waiga ba, Gimba ne. Ba shi da rumfa, ba shi da sana'ar da za a nuna a ce ga ta, amma da baki ya gyara jirgin ruwa, da baki ya ƙawata bikin manyan mutane a Fatakwal. Gaskiyar maganar, wadda kowa ya sani amma matarsa Zakiyya kaɗai ke faɗa a gabansa, ita ce ya taɓa zama a unguwar Borokiri ta Fatakwal wata damina yana ɗaukar kujeru a wani zauren biki, aka sallame shi ranar da ya naɗe kujera da baƙo a cikinta. Tun daga nan ya raɗa wa kansa suna Dekoreta, wato mai ƙawata wurin biki.

Ana haka auren Raihana ya taso. Raihana 'yar yayansa ce, Alhaji Manu dillalin raguna, za ta auri wani Ma'aruf mai sayar da albasa a Anacha. Ranar da aka kawo lefe an sha ruwa, layin ya caɓe da jar laka da kashin awaki. Gwaggon ango, Hajiya Ummulkulsum, ta tsaya a bakin layi ta tattare zani, ta toshe hanci da hankici, ta ce da ƙarfi yadda har masu tura baro suka ji:

"Ta nan amaryar tamu za ta biyo ranar wuni? To, ku nema mata takalmin roba irin na masu wankin mota."

Raihana tana bayan taga, ta ji tsaf. Ranar ko abinci ba ta ci ba don kuka. Da ta huce sai ta kawo wa mahaifinta waya, ta nuna masa wata amarya tana tafiya a kan jan kafet.

"Baba, ni ba abin da nake so a bikin nan sai wannan. Daga ƙofar gida zuwa rumfa. In wuce ta gaban matar nan rigata fes, ko ɗigon laka babu."

Alhaji Manu ya ce, "Abu mai sauƙi. Sai a yi haya wurin masu kanofi."

Gimba yana gefe yana shan shayin da ba shi aka haɗa wa ba. Ya dire kofi ya miƙe.

"Haya? Yaya, haya ka ce? Ina raye? Kafet ɗin da duk ƙafar Inugu ta taka, shi za a shimfiɗa wa 'yata? Wallahi an ci mini mutunci. A bar mini wannan. Raihana, share hawayenki. Da hannuna zan yi miki kafet ɗin da Hajiyar Anacha za ta cire takalmi kafin ta kalle shi."

"Gimba," in ji Alhaji, "ka taɓa yin kafet?"

"Na taɓa naɗe shi. Wanda ya iya naɗewa ai ya ga cikinsa da bayansa."

Raihana ta dube shi da jajayen idanu ta ce, "Baffa, ka tabbata?" Nan zuciyarsa ta karye, don yana son yarinyar nan da gaske, a kafaɗarsa ta girma. Ya dafa ƙirji ya yi mata alkawari, Alhaji ya girgiza kai ya tafi kasuwa.

Ranar Alhamis ta makon biki Gimba ya dira wurin Ya'u, mai raguna a turken da ke gefen layin, ya ce a ba shi buhunan algarara duk da ke akwai. Ya'u ya jawo masa tarin buhunan dusa da na kowar wake da na kanwa.

"Oga Gimba, a kakkaɓe su dai, akwai sauran dusa a ciki."

"Kai ka san kiwo, ni na san ado. Dusar nan ita ce za ta ba shi laushi. Katifa ka taɓa ganin an kakkaɓe cikinta?"

Ya zauna tsakiyar layi da basilla da igiyar rama, ya jera buhuna sahu biyu don faɗi, ya hau ɗinki yana ba 'yan kallo labarin Fatakwal. Bakinsa na gaba, hannunsa na baya. Sai da ya kai ƙarshe ya ce a kama masa a ɗaga, aka ja, kafet ya ƙi tasowa. Aka duba, ashe ya biyo da sahu ɗaya ta dama da falwayar wuta, ɗaya ta hagu, ya ɗinke su gaba da baya, falwaya tana tsaye a tsakiyar kafet.

Ya'u ya riƙe ciki. "Oga, amarya ta sama za ta bi ko ta ƙasa?"

"Gwaji ne, jahili. Ana gwada ƙarfin ɗinki da falwaya."

"To ya ci jarrabawa. Yanzu sai a tuge falwayar."

Aka farke, aka sake ɗinkewa, wannan karon Zakiyya na tsaye a kansa da hannu a ƙugu.

Saura launi. Aka ba shi shawarar fenti, ya ce fenti na 'yan koyo ne, kuma ba ya bushewa da damina. Da safiyar Juma'a ya shiga gida ya tarar da wani ƙaton duro cike da zoɓo, ja wur, wanda Zakiyya ta dafa don matan da za su zo kamu da yamma. Ta sa masa citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta zuba sukari ba tausayi, ta rufe ta tafi kitso. Gimba ya leƙa, ya ga launi, ya ce alhamdulillahi. Ya tattaro kafet ya dulmiya a ciki, ya hau da ƙafa yana kirɓawa.

A haka Zakiyya ta same shi, wando a naɗe, ƙafafu jajur har gwiwa.

"Innalillahi! Baban Najiba, me nake gani? Zoɓon kamu?"

"Ki yi magana a hankali, rini ba ya son hayaniya."

"Me zan ba matan mutane?"

"Akwai saura a ƙasa, in na tsame."

"Wanda ka taka da wannan kaushin naka? Allah ya isa tsakanina da Fatakwal!"

Aka shanya kafet a kan katanga. Da ya sha iska sai jan ya gudu, ya koma wani launi da ba shi da suna, tsakanin hanta da tsohon ciwo. Ƙudaje suka zo ɗaurin aure tun kafin a gayyace su, zuma ta biyo baya, tururuwa ta kafa layi daga kwata. Malam Fakhruddeen, limamin masallacin layin, ya zo wucewa zai tafi Juma'a, ya tsaya ya gyara tabarau.

"Gimba, yanka aka yi a nan?"

"Kafet ne, Allah gafarta Malam."

"Na wace dabba?"

"Na amarya."

Malam ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya kyauta, ya ratsa ta ɗaya gefen.

Wani zai tsaya a nan ya je ya nemi masu kanofi. Gimba kuwa cewa ya yi launin ya yi, sheƙi ne kawai babu. Ya tsallaka wurin Mama Uju, wata 'yar Ibo mai sayar da manja a bakin layi, wadda ta shekara da shekaru cikin Hausawa har Hausa ta zauna a bakinta. Ya ce ta ba shi jarka guda.

"Oga Gimba, miya za ku yi haka?"

"Kafet zan shafa."

"Chineke! Kafet na cin manja?"

"Na manya na ci."

Ta bi shi da kallo, sannan ta rufe rumfarta ta biyo shi, ta ce wannan ba abin da za a ba ta labari ba ne. Gimba ya shimfiɗa kafet a ƙasa, ya tsiyaya manja, ya bi da tsintsiya yana shafewa. Kai, abin mamaki, sai ga shi ya yi ja, yana walƙiya a rana! Gimba ya ja da baya ya harɗe hannuwa.

"Ina masu dariya? Ya'u, zo ka taka ka ji abin da gwamnoni ke ji."

Ya'u ya ɗora ƙafa ɗaya. Ta biyun ba shi ya ɗora ta ba. Ya tafi suuu, hannuwa na iyo a iska, hula ta yi nata wuri, ya wuce ƙofar Alhaji, ya wuce mai shayi, bai tsaya ba sai cikin bahon wankin Zakiyya.

Ya ɗago kai da kumfa a gemu. "Oga, gwamnonin da suka taka, akwai wanda ya rayu?"

"Ka ga saurin? Amarya ba za ta gaji ba."

"Amarya za ta riga ango isa Anacha!"

Gimba ya yi dariya tare da mutane, amma a zuci ya hango Raihana a cikin bahon nan da farin leshi. Ya zaga ya zaga, can dabara ta faɗo masa. Abin da ke shanye mai ai gari ne. Ya shiga ɗakin ajiya ya kinkimo buhun garin rogo, ya bi kafet yana barbaɗawa, ya ƙara da gishiri wai don ya kori tururuwa. Gari ya sha manja ya kumbura, ya yi ja, ya yi lub-lub. Aka taka, ba santsi. Daga nesa, wallahi, sai ka rantse karan-miski ne.

Zakiyya ta sunkuya ta dangwala da yatsa ta kai baki. Ta tauna.

"Baban Najiba, saura albasa da yaji."

"Me kike nufi?"

"Gari, manja, gishiri. Kai ba kafet ka yi ba, kwaɗo ka yi. Kwaɗon da ya fi kowanne tsawo a ƙasar Ibo."

"Hassada ce ke damunki. Gobe za ki ji ana tambaya matar wa ce ke."

"Shi nake tsoro."

Raihana ta leƙo ta taga, daga inda take ba ta jin wari, ja kawai take gani yana sheƙi. Ta yi tsalle ta ce, "Baffa, ya yi kyau!" Gimba ya ji kansa ya kusa taɓa wayar wuta. Ya naɗe kafet ya kai shagon mai shayi ya kulle. Duk yammacin nan ragunan Ya'u ba su taɓa harawarsu ba, sun juya gaba ɗaya suna fuskantar shagon, suna kuka ƙasa-ƙasa.

Ranar Asabar aka ɗaura aure da hantsi, aka yi yayyafi, rana ta buɗe. An kafa rumfar wuni a filin da ke ƙarshen layi, dab da turken Ya'u. Gimba ya fito cikin wata farar babbar riga mai aiki har ciki, ya sa aka warware kafet daga ƙofar Alhaji har gaban kujerar amarya, ya kafa dokar cewa ko kaza ta taka sai ta yi bayani. Matan Anacha masu zuwa wuni kuwa shiru. Aka buga waya, suka ce cunkoso ya riƙe su a Upper Iweka, can mafitar Anacha, wata tirela ta kwanta a hanya.

Kafet ya zauna cikin rana yana jira. Rana ta dafa manja, manja ya dafa gari, zoɓo da citta da kanwa suka taso daga ƙasa. Ƙamshi ya cika layi. Yara suka fara zagaye shi da cokula a aljihu, Gimba na kora. A turke kuma raguna sun miƙe tsaye, igiyoyi sun ɗaure tamau, wani ƙaton farin rago mai ƙaho a murɗe yana tona ƙasa da ƙafa.

Ya'u ya matso. "Oga Gimba, dabbobin nan fa tun jiya suke azumi."

"To ka ba su haƙuri. Yau ranar mutane ce."

Sai bayan la'asar motar Anacha ta iso. Hajiya Ummulkulsum ta sauko da hankicinta a shirye, ta kai hanci, sai ta tsaya. Ta dubi jan abu shimfiɗe tun daga ƙofa, ta ɗaga gira. Gimba ya ga girar nan ta ɗagu, ya ji duk wahalarsa ta biya.

"Ba laifi," in ji ta. Ta shinshina. "Amma a ina ake suya?"

"Turaren kafet ne, Hajiya. Daga waje ake kawo shi."

Aka zaunar da ita a sahun gaba. Gimba ya ƙwace makirufo daga hannun mai kiɗa.

"Jama'a, a natsu! Abin da za ku gani yanzu ba a taɓa yin sa a Inugu ba. Aikin hannun Gimba Dekoreta, Fatakwal da kewaye. Amarya, bismillah!"

Guɗa ta tashi. Raihana ta fito cikin farin leshi, ƙawaye biyu na riƙe da jelar rigar, ta ɗora ƙafa a kan kafet, ya karɓe ta lub. Ta taho a hankali, kai a sunkuye, tana satar kallon Hajiya. Ta kai tsakiyar layi, daidai inda lakar ta fi zurfi, sai aka ji fat! Farin rago ya tsinke igiya.

Bai nufi kowa ba. Ya zo gaban kujerar amarya ya kafa kai ya kama bakin kafet ya hau ci. Sauran suka ga an buɗe walima, suka tuge turke gaba ɗaya suka taho da shi. Awakin maƙwabta suka tsallako katanga. Kafin a ce wani abu, ƙarshen kafet ya ɓace cikin garke, ana jin ƙurus-ƙurus, suna ci suna matsowa wajen amarya.

"Ya'u!" Gimba ya kwarma a makirufo. "Kama dukiyarka!"

"Oga, ni na taɓa hawa abin nan, ba na sake hawa!"

Gimba ya tuɓe babbar riga ya rataya a ƙarfen rumfa, ya faɗa cikin garke daga shi sai 'yar shara. Ya kama kafet ya ja, raguna suka ja. Garin sama ya riga ya tafi cikin cikinsu, saura zallan manja. Ƙafafunsa suka tashi sama, ya faɗi, ya mirgina, buhu ya naɗe shi har wuya. Da suka ga kwaɗo ya zo da nama a ciki ba su damu ba, suka ci gaba da lasa. Wata akuya ta taka ƙirjinsa tana lasar gemunsa.

"Wayyo! Ba ni ba ne kafet ɗin! Yaya! Malam, a yi addu'a!"

Malam Fakhruddeen, daga kan kujerar da ya haye, ya ce, "Addu'ar cin abinci ko ta neman tsari?"

Wasu ragunan suka zagaya suka kama kafet ta bayan amarya. Ɗinkin Gimba ya ba da kai, buhuna suka rabu, kowace dabba ta ja nata ta yi gefe. Ƙawaye suka cika jelar riga suka ranta a na kare. Da ƙura ta lafa, sai ga Raihana ita kaɗai a tsaye a kan buhu guda, ta tattare leshinta da hannu biyu, jar laka gaba, jar laka baya, mutanen Anacha duk sun zuba mata ido.

Dariya ta ɗauke. Hawaye ya cika idon Raihana. Gimba ya hango ta daga ƙasa ta tsakanin ƙafafun akuya, ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, bakin nan nasa ya mutu murus.

Zakiyya ce ta fara motsi. Ta zare gyalen ankonta daga kafaɗa, ta taka cikin laka, ta shimfiɗa shi a gaban buhun. Mama Uju ta kwance zaninta na sama, cikin biyun da matan Ibo ke ɗaurawa ranar biki, ta ɗora a gaba.

"Taka, 'yata. Wanki ne kawai."

Sai mata suka taso. Gyale bayan gyale, zani bayan zani, shuɗi da kore da ruwan goro, hanya ta miƙe a kan laka. Raihana ta taka, guɗa ta dawo, wannan karon har da masu kuka. Da ta iso sahun gaba, Hajiya Ummulkulsum, wadda ta yi dariya har kwallinta ya zubo, ta miƙe ta cire nata gyalen mai duwatsu ta shimfiɗa da hannunta.

"Wuce, amaryarmu. Layin da mata ke yi wa 'ya haka, ba a raina shi."

Saura wani ɗan kududdufi a gaban kujera, inda raguna suka tattake, kuma gyale ya ƙare. Raihana ta tsaya. Sai ga Gimba ya taso, manja tun daga gira har ɗan yatsa, ya fizgo farar babbar rigar nan daga ƙarfen rumfa, ya kaɗa ta a iska yadda kowa zai gani, ya shimfiɗa ta cikin ruwan lakar.

"Taka, Raihana. Baffanki ne ya yi alkawari."

Ta taka, rigar ta nutse, ta haye ta zauna. Leshinta fes, ko ɗigo babu. Ta dube shi tana dariya da hawaye tare, ta ce, "Na gode, Baffa."

Alhaji Manu ya matso a hankali, cikin wata tsohuwar shadda da ta sha wanki. Ya sunkuya ya ƙura wa aikin wuyan rigar ido.

"Gimba. Rigar nan da na birkice gida ina nema tun safe, wadda na ɗinka don auren 'yata, ita ce wannan?"

"Ita ce, Yaya. 'Yar Alhaji Manu guda, wa zai shimfiɗa mata rigar talaka?"

Alhaji ya dubi 'yarsa a kan kujera tana sheƙi, ya dubi rigar a cikin laka. Sannan ya miƙa hannu gefe ba tare da ya waiga ba.

"Ya'u, ara mini igiyar ragon nan."

Gimba bai tsaya jin ko za a ba da aron ba. Ya yanki hanyar kasuwa da gudu yana zamewa, awaki uku na biye da shi suna lasar iska.